Injin Ban Ruwa Da Ya Kusa Raba Wa Da Ƙane

Ga labarin wasu mutum biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Baudeta, cikin gundumar Tasawa, jihar Maraɗi. Tun rasuwar mahaifinsu ba su raba gandu ba. Gona ɗaya, rumbu ɗaya. Abin da ya kusa raba su bai kai ƙwayar gero girma ba. Ku karanta a hankali, don mai inji da mai niyyar saye duk suna da rabo a ciki.

Dattawa ba su manta da fari da yunwar shekarar 1984 ba. A shekarar ce gwamnatin Shugaba Seyni Kunce ta yi kira ga talakawa su duƙufa ga noman rani. Aka gina rijiyoyi, aka kewaye garake, aka shuka salati da shu da tumatir da albasa. A lokacin, da guga da gwangwani ake ban ruwa, mutum ya wuni yana ja har bayanshi ya riƙe. Daga baya ƙananan injuna masu shan isansi, wato man fetur, suka shigo. Akwai Honda da Robin na ƙasar Japan, sa'annan na ƙasar Sin masu kama da su, masu sauƙin kuɗi.

Ƙanen shi ne mai zuwa cin rani. Can ya ga yadda mutum guda da inji ke shayar da garkar da mutum biyar ba su iya shayarwa da hannu. Da ya komo gida ya dame wanshi da maganar. Wan ya daɗe yana nazari. Daga ƙarshe ya saida rago biyu, ɗaya nashi, ɗaya na matarshi, bisa alkawarin zai maida mata bayan an cire albasa. Kuɗin bai kai na sabo ba. Suka tafi Maraɗi gab da faɗuwar damana, suka sayi na hannu. Mai sayarwa ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi yana ruri. Suka biya, suka ɗauko. A gida suka aje shi ƙuryar zaure da sauran mai cikin tanki, suka rufe da tsohon buhu. Damana ta sauka, kowa ya shiga gona, aka manta da shi wata shida.

Bayan girbi suka kewaye garka bakin tabki, suka zuba iri. Da iri ya isa dashe suka dasa fangali da yawa, ninki uku na abin da suka saba, don sun dogara ga inji. Ranar da aka gama dashe aka kawo shi bisa amalanke. Wan ya ga man tanki ya ragu, ya ƙara daga wani bido da ya tarar a gida. Ƙanen ya ja igiya, shiru. Ya ja har sau ashirin, shiru. Can inji ya yi tari, ya tashi. Da aka buɗe cok sai ya mutu. Aka sake, haka. Har rana ta faɗi ko ɗigon ruwa bai fita tiyo ba.

Iskar hunturu ba ta jiran kowa. Dashe ɗan kwana biyu in ya rasa ruwa, kwantawa yake. Mutanen gida duka suka fito da gwangwani, mata da yara, tun asuba har magariba, amma fangalin can nesa da tabki suka fara yaushi. Masu shawara kuma suka yi yawa. Wani ya ce bakin mutane ne. Wani ya ce cikin injin ya ƙone. Wani ya ce a buge shi da dutse. Mai sayen tsohon ƙarfe har ya zo ya taya.

Daren kwana na biyu wan ya kasa haƙuri. Ya ce, "Kai ka sa na saida ragon matata na sayi gawa. Da wane ido zan dube ta?"

Ƙanen ya ce, "Yaya, gabanka aka tada shi."

Wan ya ce, "Gabana aka tada shi, amma kai ne ka ce ka san inji."

Ƙanen bai ƙara magana ba. Ya shiga ɗaki ya fara ɗaure kayanshi, ya ce in gari ya waye zai koma cin rani, ya nemo kuɗin ragon ya biya, daga nan kowa ya kama gabanshi. Tsohuwarsu ta ji. Ba ta ce ma kowa komi ba, ta aiki jikanta ƙauyen da ke gaba ya kira mata ƙanenta.

Wannan kawu nasu ya yi shekaru yana gyaran babur a Tasawa. Yanzu ido ya yi rauni, ya bar aiki. Da hantsi ya iso garka bisa jaki. Bai tambayi wa ke da gaskiya ba. Ya zauna gindin bedi ya ce, "Ƴaƴana, idona ba ya ganin ƙananan ƙusoshi. Kai ƙarami, hannunka zai yi aiki. Kai babba, an ce mani kana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ɗauko littafinka da alƙalami, duk abin da aka gani ka rubuta." Ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta. Ya kori mai shan taba, ya ce a kashe wutar shayin da ke kusa.

Kawu ya ce inji abu uku yake buƙata kafin ya tashi: wuta, iska da mai. Ba a kwance shi sai an san wanne ya rasa. Da farko ya sa aka duba baƙin mai, don wasu injuna in baƙin mai ya yi ƙasa, da kansu suke ƙin tashi. Aka tarar ya isa. Sa'annan aka kwance buji, aka maida mashi hularshi ta roba, aka jingina ƙarfenshi ga jikin inji, aka ja igiya. Wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakinshi. Wan ya rubuta: wuta lafiya. Kawu ya ce a ɗiga isansi sabo, ɗigo uku ko huɗu, cikin ramin buji, a maida shi a ɗaure. Aka ja. Inji ya tashi, ya yi ruri kamar numfashi uku, ya mutu.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Wannan ba gawa ba ce. Yunwa yake ji. An ba shi loma ya haɗiye. Abinci ne ba ya isa bakinshi. Ku buɗe kafireto."

Kafireto, wanda wasu ke ce ma karburater da bakin Faransanci, shi ne ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin akwatin iska da jikin inji. Aikinshi kamar na mai damun fura ne. In fura ta yi kauri ba ta shayuwa, in ta yi ruwa ba ta riƙe ciki. Shi ma haka yake dama mai da iska bisa awo. In da za a aza su a sikeli, iska wajen kashi 15 ce, mai kashi 1. A ƙarƙashinshi akwai ƴar tasa inda mai ke taruwa. Cikin tasar akwai wata roba mai iyo kamar gora bisa ruwa, tana ɗauke da ƴar allura. In tasa ta cika, roba ta taso, allura ta toshe hanyar mai. In mai ya ragu, roba ta sauka, hanya ta buɗe. A tsakiya akwai ƴar ƙusa ta tagulla mai huda, masu gyara na ce mata jiklar. Iskar da inji ke zuƙa tana bi ta wani matsattsen maƙogwaro, ta ƙara gudu kamar iskar da ke bi tsakanin katanga biyu, sai ta jawo mai ta wannan huda. Cok kuwa ƙyaure ne mai tare iska. In an rufe shi, inji na zuƙar mai da ƙarfi. Shi ya sa injin da hudarshi ta cushe yake tashi da cok a rufe, ya mutu in an buɗe.

Ƙanen ya rufe makunnin mai. Ya sa kile mai lamba 10 ya kwance ƙusar gindin tasa. Kawu ya ce duk abin da ya fito a jera shi bisa ƙyalle daga dama zuwa hagu, don in za a maida a bi daga hagu zuwa dama. Da tasa ta fito, wari ya tashi kamar na tsohon fenti. Kawu ya ce, "Ku faɗa mani abin da kuka gani." Suka ga abu uku. Akwai wani ja-ja mai danƙo kamar ƙaro, ya manne a gindi. Akwai rairai mai laushi. Akwai kuma wani ɗigo yana gangarawa ƙarƙashin mai, ya ƙi gauraya da shi.

Kawu ya ce danƙon nan tsohon isansi ne. In ya daɗe zaune, mai ƙarfin ya tashi cikin iska, ya bar dauɗa. Ɗigon nan ruwa ne, don ruwa ya fi isansi nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai bakin huda. Rairai kuwa, ya ce a buɗe akwatin iska a gani. Aka buɗe, wayam. Soson da ke tace ƙura babu shi. Mai injin na farko ya yar, bai sa wani ba.

Aka sa turnabis aka kwance jiklar. Kawu ya ce a ɗaga ta sama a dubi rana ta cikin hudar. Ƙanen ya duba, duhu. Wan ya karɓa ya duba, duhu. Ƙanen ya zaro allurar ɗinki daga hularshi zai soka. Kawu ya riƙe hannunshi ya ce, "Kul! Allura ta fi tagulla ƙarfi. In ka faɗaɗa hudar nan, ba ta komawa. Inji zai riƙa shan mai kamar raƙumi, yana baƙin hayaƙi har ranar da ka sayi wata." Ya sa aka feɗe tsohuwar wayar lantarki, aka zaro sili ɗaya na jan ƙarfe mai taushi. Aka jiƙa jiklar cikin isansi sabo, aka zura silin a hankali, aka hura da famfon keke. Aka sake ɗagawa. Sai ga ɗan haske zagaye kamar tauraro. Akwai wata ƴar jiklar ƙarama a sama, wadda ke ciyar da inji in yana tafiya sannu. Ita ma aka wanke. Aka wanke tasa da allurar roba. Aka girgiza robar kusa da kunne, ba a ji mai a ciki ba, wato ba ta huje ba. Aka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai, aka zubar da laka. Aka juye tanki sarai, aka ɗauraye.

Suna cikin haka Kawu ya ce, "Rairai, rabon mai sayarwa ne. Danƙo, rabonku ne ku biyu, don tare kuka aje shi da mai. Saura ruwa. Wa ya ba shi ruwa?"

Aka yi shiru. Wan ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kawu, ni ne. Bidon da na zuba man ciki, yara na ɗebo ruwa da shi. Ban shanya ba." Ya juya wajen ƙanenshi ya ce, "Na faɗa maka magana jiya. Ka yafe mani." Ƙanen ya ce, "Yaya, ba komi. Riƙe mani tasar nan in ɗaure."

Aka maida komi wurinshi. Aka yanko soso mai tsabta, aka ɗan shafa mashi baƙin mai aka matse, aka sa cikin akwatin iska kafin a sayo na ainihi ranar kasuwa. Aka tace isansi sabo da ƙyalle a bakin mazurari. Kawu ya ce a cika cikin famfon da ruwa tukuna, don in ya juya a bushe, abin da ke hana shi yoyo ƙonewa yake. Aka buɗe mai, aka rufe cok. Ja na biyu inji ya tashi. Aka buɗe cok, bai mutu ba. Amma muryarshi na hawa tana sauka kamar mai haki. Kawu ya kasa kunne ya ce iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Aka kashe, aka duba takardar da ke tsakanin kafireto da jikin inji, ashe ta yage. Aka yanka wata daga kwali mai ƙarfi, ta wucin gadi, aka ɗaure. Murya ta daidaita. Tiyo ya kumbura, ruwa ya fita ya bi fangali. Yara suka yi ta tsalle cikin laka.

Da aka zauna shan fura, Kawu ya ba su labari. Ya ce irin wannan inji, a Turai da Amurka ana ɗora shi bisa ƙafa huɗu ana turawa, ana aske ciyawar ƙofar gida da shi. Kamfanin Briggs & Stratton na Amurka ya yi suna wajen ƙera su. Wani makiyayi da ke wurin ya ce, "Su ba wace dabba?" Kawu ya ce, "Da yawa zubarwa suke." Makiyayin ya riƙe baki. Kawu ya ce su ma cutar injinsu ɗaya ce da ta nan. Suna aje shi lokacin sanyi da mai a ciki, in ciyawa ta tsiro su ja igiya ya ƙi tashi. Wasu su yar da shi, masu wayo su tsinta, su wanke huda guda, su saida.

Ga abin da wan ya rubuta cikin littafinshi. An karanta shi a ajin manya, mutane da yawa sun kwafa.

1. In inji na tashi da cok a rufe, ya mutu in an buɗe: mai ba ya isa. A wanke jiklar.

2. In murya na hawa tana sauka: ƙaramar jiklar ta cushe, ko takarda ta yage iska na shiga.

3. In yana baƙin hayaƙi, buji ya yi baƙi kamar gindin tukunya: mai ya yi yawa. A duba soson iska, a duba ko cok ya maƙale.

4. In mai na ɗiga daga kafireto: allura ba ta rufewa, ko roba ta huje. A rufe makunni nan take. A sansana baƙin mai, in yana warin isansi a canza shi.

5. In ya yi aiki ɗan lokaci ya mutu, an buɗe murfin tanki ya sake tashi: ƴar hudar numfashi ta murfin ce ta toshe.

6. In hayaƙi shuɗi ne, baƙin mai na ƙarewa, igiya na jawuwa ba nauyi: wannan ciwon ciki ne, ya wuce kafireto. A kai ma mai gyara.

7. In inji na ruri lafiya amma ruwa ba ya fita: a duba tiyon zuƙa ko yana shan iska. Irin wannan famfo ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8.

Ƴan'uwa, akwai gargaɗi uku da suka shafi rai. Kada a zuƙi isansi da baki, in ya shiga huhu yana yin mummunar illa. Kada a zuba mai inji na aiki ko yana da zafi. Na uku ya fi su duka. In ruwa ya yi nisa, wasu kan saukar da inji cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa. Hayaƙin inji na da guba wadda ba ta da wari, ba a ganinta, tana taruwa cikin rami. Mutum ya shiga ya ji jiri, ya faɗi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Kada kowa ya shiga rami inji na aiki, ko an kashe shi sai an bari iska ta wanke wurin sosai.

Game da mai kuma, ko daga gidan mai aka saye shi, ko a kwalba bakin hanya, a tace shi kafin a zuba. Tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man ƙasar nan, amma tsakanin matata da garka akwai tafiya, akwai ƙura, akwai bido iri-iri. A keɓe bido guda na mai kaɗai, a yi mashi alama, a hana yara taɓawa. Mai niyyar sayen inji na hannu kuma, kada rurin kasuwa ya ruɗe shi. Ya taɓa jikin injin ya ji ko an riga an ɗumama shi, don mai ciwo in ya yi ɗumi yana tashi da sauƙi. Ya buɗe akwatin iska. Ya leƙa tanki ya ga ko akwai tsatsa. Ya ce a buɗe cok a bar shi ya yi aiki gabanshi, in da hali a gwada shi da ruwa.

To, yaya aka ƙare? Fangali biyu na salati sun ƙone, ba su tashi ba. Albasa da shu sun farfaɗo. Da aka cire albasa, wan ya tafi kasuwa ya sayo tunkiya mai ciki ya ɗaure ƙofar ɗakin matarshi. Ƙanen ya kwance kayanshi, bai tafi ko'ina ba a ranin nan. Yanzu in injin wani ya ƙi tashi a bakin tabkin, shi ake kira, ya zo da farin ƙyalle da kile da silin waya. Ranar da tabki ya ƙafe aka gama aiki, su biyu suka rufe makunnin mai, suka bar inji na aiki har ya shanye na cikin tasa ya mutu da kanshi. Suka kwance ƙusar gindi suka tsiyaye sauran, suka juye tanki, suka zubar da ruwan cikin famfo, sa'annan suka kai shi zaure.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In injinku ya ƙi tashi, kada ku yi saurin zargin ɗan'uwa, kada ku yi saurin saidawa. Ku duba wuta, ku duba iska, ku duba mai, ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi wannan shafi. Allah ya sa albarka cikin garake da garkuna, ya ƙara zumunci tsakanin ƴan'uwa, amin.